Tsakanin Baki da Zuciya: Yadda Mabiya Buda Ke Koya wa 'Ya'yansu Addini

Da safiyar Lahadi, a garuruwa da ƙauyukan Siri Lanka, hanyar haikali takan cika da yara cikin fararen tufafi, kowane riƙe da furannin da ya tsinko daga gida. A bakin ƙofa za su tuɓe takalma, su jera furannin a gaban mutum-mutumin Buda, a kunna fitilun man kwakwa, sannan su zauna a ƙasa, tafukan hannu a haɗe daidai ƙirji. Wani mai zaman zuhudu cikin mayafi ruwan goro, wanda ake kira bikku, zai riƙa biya musu karatu jimla-jimla, suna amsawa da murya ɗaya. Harshen karatun Pali ne, harshen da babu uwar da ke rarrashin ɗanta da shi a yau. A gida Sinhala suke ji. In an gama sai a rarrabu aji-aji, wasu a gindin bishiya, wasu a rumfa, a yi darasi har rana ta kusa tsaka.

Wanda ya taɓa zama gaban malami da allo a cinya zai gane wannan yanayi, duk da nisan da ke tsakanin aƙidun biyu. Zai kuma gane tambayar da ke ƙarƙashinsa: yaron da bakinsa ya iya karatu, gwiwarsa ta saba da durƙuso, yaushe zuciyarsa za ta san abin da ake nufi? Mabiya Buda sun fi shekara 2,000 suna fama da wannan tambaya, kuma ta fi yi musu nauyi saboda yanayin addinin nasu. Siddata Gotama, wato Buda, wanda aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau kimanin ƙarni biyar kafin Annabi Isa (AS), malami ne a wurinsu wanda suke cewa ya farka daga barcin jahilci. Koyarwarsa ba ta ginu a kan bautar Mahalicci ba, wanda shi ne babban abin da ya raba ta da Musulunci da Kiristanci tun daga tushe. Ta ginu ne a kan cewa rayuwa cike take da wahala, kwaɗayi da jahilci ne ke haifar da ita, kuma akwai hanyar horon kai da ke kashe su. To idan jahilci ne cutar, fahimta ce maganin. Yaron da ya tsaya a maimaitawa kawai ya riƙe kwalbar magani ne bai sha ba.

Ɗalibin farko ɗan shekara bakwai

Yaron farko da aka ɗora a kan wannan hanya ɗan Buda ne na cikinsa, Rahula. Littattafansu sun ce yana da shekara bakwai uban ya komo garinsu bayan doguwar rabuwa, uwar yaron ta tura shi ya nemi gādonsa. Maimakon sarauta sai aka aske masa kai, aka yafa masa mayafin zuhudu, ya zama samanera, wato ƙaramin mai zuhudu da bai kai matsayin bikku ba. Abin ya yi wa kakansa, Sarki Suddodana, ciwo ƙwarai, har ya roƙa kada a sake karɓar yaro ba da yardar iyayensa ba. Roƙon ya zama doka, tana aiki har gobe. Wata dokar ta ce ba a zama cikakken bikku sai an cika shekara 20, wanda bai kai 15 ba kuwa ba a karɓarsa samanera sai in ya isa ya kori hankaka, wato ya iya tsare kwanon abincinsa da kansa.

Darasin da aka ce Buda ya yi wa Rahula shi ne ma'aunin da nake ganin ya kamata a auna duk abin da ya biyo baya. Ya ziyarci yaron, yaron ya kawo ruwan wanke ƙafa. Da ya gama sai ya rage guntun ruwa a moɗa, ya nuna masa, ya gaya masa cewa darajar mai zuhudun da ba ya jin kunyar ƙarya da gangan ba ta fi wannan guntun ba. Ya watsar da ruwan, ya kife moɗar, ya sake buɗe ta wayam, kowane mataki yana maimaita maganar da sabon hoto. Daga nan ya koma kan madubi. Yadda ake duba fuska, haka yaro zai duba aikinsa sau uku: kafin ya yi, yana cikin yi, da bayan ya gama, ya tambayi kansa ko zai cuci kansa, ko wani, ko duka biyun. In ya riga ya yi kuskure, ya faɗa wa babba, ya kiyaye gaba.

A cikin wannan darasi babu doguwar hadda, babu tsoratarwa. Moɗa ce da ruwa da madubi, abubuwan da idon yaro ke gani, sai doka ɗaya da awo ɗaya da zai iya ɗauka duk inda za shi. Aikin da ma'anar sun zo masa a lokaci guda, daga bakin mutumin da yake kallo.

Abin da jiki ke fara koya

A ƙasashen da ke bin mazhabar Terawada, irin su Siri Lanka, Miyanma, Tailan, Kambodiya da Lawos, yaro yakan shiga addini ta hannu da gwiwa tun kafin ya shiga ta kunne. Da sassafe uwa za ta fito ƙofar gida da shinkafa mai zafi, ta kama hannun ɗanta ta sa shi ya zuba a kwanon bikku mai wucewa. Bikkun ba ya godiya, domin a fahimtarsu mai bayarwa ne ya ci riba: ya sami lada, ya kuma rage rowa a zuciyarsa. Haka yaro ke koyon durƙuso sau uku, da neman mafaka ga Buda, da koyarwarsa da ake kira Damma, da jama'ar masu zuhudu da ake kira Sanga. Sannan ya karɓi alƙawura biyar na kowane mabiyi: ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba maye.

A Miyanma, wadda tsofaffin sojojinmu da suka yi yaƙin duniya na biyu suka sani da Bama, babban bikin da iyaye ke yi wa ɗa namiji shi ne shinbyu. Za a yi wa yaro shigar 'ya'yan sarakuna, a ɗora shi a kan doki, a riƙe masa laima, a zaga gari da kiɗa. Da an isa gidan zuhudu sai a tuɓe kayan alfarmar, a aske kansa, uwa da uba suna tare gashin da farin ƙyalle. Yaron na maimaita tarihin Buda ne da jikinsa, ɗan sarki da ya bar fada. Bayan an yafa masa mayafi, iyayen ne ke durƙusa masa. Zai zauna kwanaki ko makonni yana riƙe da alƙawura goma, ciki har da barin cin abinci bayan rana ta yi tsaka, barin kiɗa da rawa, barin ado da turare, barin gado mai laushi, da barin taɓa kuɗi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma akwai hikima a wannan tsari da ba za a raina ba. Yaron da ya kwana da yunwa da son ransa ya san wani abu game da kwaɗayi da littafi ba zai koya masa ba. Galibin ayyukan ma an dasa musu ma'ana a ciki. Kalmomin da yaran Siri Lanka ke karantawa yayin ajiye fure suna tuna wa mai bayarwa cewa yadda furen zai yi yaushi, haka jikinsa zai tsufa ya lalace. Wannan ita ce koyarwar rashin dawwama, ɗaya daga cikin ginshiƙan addinin, an naɗe ta cikin aikin minti biyu. Sai dai da Pali aka naɗe ta. Idan ba wanda ya kwance wa yaro ƙunshin da harshensa, zai iya girma yana ɗaukar furen a matsayin toshiyar neman cin jarrabawa.

Hadda da abin da ta tsare

Ba za a gane girman hadda a wurinsu ba sai an san cewa koyarwar Buda ta yi ƙarnoni a ƙirazan mutane kafin ta sauka a rubuce. A ƙarni na farko kafin Annabi Isa (AS), zamanin Sarki Wattagamani, yaƙi da matsananciyar yunwa suka tarwatsa masu zuhudu a Siri Lanka, har aka ce akwai littafin da mutum ɗaya kacal ya rage da haddarsa. Bayan an tsira, malamai suka yi muhawara a kan wane ne tushen addini, karatu ko aiki. Masu cewa karatu suka yi rinjaye, da hujjar cewa in nassi ya ɓace, aikin ma zai ɓace. A wannan zamanin ne aka rubuta tarin littattafansu, Tipitaka, a kan ganyen wata bishiya dangin giginya, a Aluwihara kusa da garin Matale.

Wannan tsoro na ɓacewar nassi bai gushe ba. A Mandale ta Miyanma, Sarki Mindon ya sa aka sassaƙa Tipitaka a kan allunan marmara 729 da ke tsaye har yau a haikalin Kutodo. A 1985 kundin bajinta na Guinness ya shigar da sunan malamin Bama, Mingun Sayado, saboda karanto shafi 16,000 da ka. Yaron da ke kallon irin wannan girmamawa ya san inda daraja take.

Abin sha'awa shi ne, al'adar da ta ɗaukaka hadda ita ce kuma ta tanadi labaran da ke ja mata burki, kuma yara ake ba su. Akwai na Culapantaka, wanda ya yi wata huɗu ya kasa haddace baiti ɗaya, har yayansa ya ce ya koma gida. Buda ya ba shi farin ƙyalle ya ce ya riƙa murzawa. Yana murzawa ƙyallen na yin datti, sai ya gane da kansa yadda abu mai tsabta ke gurɓata da yadda komai ke sauyawa, ya kai matsayin da mahaddata da yawa ba su kai ba. Akwai kuma na Potila, babban malami mai ɗimbin almajirai, wanda Buda ya riƙa kira wofi domin iliminsa bai taɓa halinsa ba, har sai da ya sauke girman kai ya zauna gaban samanera ɗan shekara bakwai ya koyi tsare zuciya.

Daga irin wannan ne malamansu suka tsara matakai uku: pariyatti, wato karatun nassi, patipatti, aiki da shi, da patiweda, ganin gaskiyarsa da idon zuci. Tsarin bai yarda a tsallake na farko ba, bai kuma yarda a kwana a kansa ba. Matsalar kullum ita ce mataki na farko ne kaɗai ake iya aunawa cikin sauƙi.

Lokacin da 'yan mishan suka zo

A da, gidan zuhudu shi ne makarantar gari. A harshen Bama ma kalma ɗaya ce, kyaung, ke nufin duka biyun. Yara maza na zama da bikku, su yi shara, su ɗebo ruwa, su bi shi yawon karɓar sadaka, su koyi karatu da rubutu da lissafi. Tarbiyya na shiga ta zama tare. Mulkin mallakar Ingila ya girgiza wannan tsari, domin aikin gwamnati ya koma hannun masu Turanci, Turancin kuma yana makarantun mishan.

A Siri Lanka martanin ya zo da ƙarfi. A 1873 aka yi shahararriyar muƙabala a Panadura tsakanin bikku Migettuwatte Gunananda da malaman Kirista. Labarinta ya kai Amurka, ya ja hankalin wani tsohon kanar, Henry Steel Olcott, wanda ya sauka a Galle a 1880 ya karɓi alƙawura biyar a bainar jama'a. A 1881 ya fitar da littafin tambaya da amsa kan addinin Buda, a kan salon littattafan da 'yan mishan ke koyar da yara, kuma babban malami Hikkaduwe Sumangala ya sa masa hannu. Makarantu suka biyo baya: wadda ta zama Kwalejin Ananda a Kolombo a 1886, Darmaraja a Kandi a 1887, Mahinda a Galle a 1892. Makarantar Lahadi ta Damma, wadda muka buɗe wannan sharhi da ita, daga wannan yunƙuri ta fito, kuma ana lissafa farkonta daga haikalin Wijayananda da ke Galle a 1895. Dabarar ta yi tasiri har Musulmin ƙasar suka kafa nasu makarantun Lahadi da suke kira Ahadiyya.

Tailan ba a mallake ta ba, amma ta bi hanya mai kama da wannan daga sama. A 1898 Sarki Culalonkon ya ɗora wa ɗan'uwansa, Yarima Wacirayan, wanda bikku ne, nauyin tsara ilimi a larduna ta hannun gidajen zuhudu. Yariman ya rubuta littattafai da harshen Tai, ya kafa jarrabawar rubutu mai matakai uku da ake kira nak tam, wadda daga baya aka buɗe irinta ga mutanen gari da 'yan makaranta. Cikin abin da ake nema har da rubuta insha'i a kan wata magana ta Damma, domin a ga ko ɗalibi zai iya faɗinta da kalmominsa.

Ribar wannan sauyi a fili take. Koyarwa ta sauko zuwa harshen uwa. 'Yan mata, waɗanda tsohon tsari ya bari a gida, sun shigo aji, kuma a yau mata ne da yawa daga cikin masu koyarwa na sa kai a makarantun Lahadi. Amma an biya farashi. Wani masani ɗan Siri Lanka, Gananath Obeyesekere, ya kira sabon salon Budancin Furotesta, domin ya yi adawa da mishan ta hanyar kwaikwayonsa. Addinin da a da ake sha ta zama tare ya koma darasin awa uku, da manhaja, da maki, da takardar shaida. Hadda ba ta mutu ba, tufa ta sauya: maimakon nassin Pali, yaro na haddace jerin amsoshi, gaskiya huɗu, hanya mai rassa takwas, alƙawura biyar, domin ya zuba a takarda. Ga kuma gasar boko, wadda ta sa lesin na kuɗi ke cinye safiyar Lahadin yara da yawa, har malaman addini suka sha kiran a hana shi a wannan lokaci.

Hanyar Tibet

Mutanen Tibet sun ɓullo wa matsalar ta wata fuska. A manyan gidajen zuhudu na Sera, Direfun da Ganden, waɗanda aka sake kafawa a jihar Karnataka ta Indiya bayan hijirar 1959 daga Tibet, yaro yakan fara da hadda zalla, yana rera nassin da bai fahimta ba tukuna. In ya tasa sai a kai shi filin muhawara. Ɗaya na zaune yana kare matsayi, ɗaya na tsaye yana jefa tambaya, yana tafa hannu da ƙarfi a ƙarshen kowace. Ana farawa da abubuwa masu sauƙi kamar launi da siffa, a koya wa yaro bambance abin da ya zama dole da abin da yake yiwuwa kawai, kafin a kai shi ga zurfafan mas'aloli. Digirin da ake bayarwa a ƙarshen wannan karatu, wanda ake kira geshe, na iya cin shekara 20. Hikimar ita ce, abin da aka haddace shi ne makamin muhawara, muhawarar kuma ita ce ke tilasta wa ɗalibi ya san abin da ya haddace, domin abokinsa ba zai bar shi ya ɓuya a bayan lafazi ba. Wannan ƙofa ta daɗe a rufe ga mata. Sai a Disamban 2016 aka ba mata 20 masu zuhudu wannan digiri a karon farko a matsayin rukuni. Ita ma hanyar tana da ramin da malamanta suka sani: mutum na iya ƙwarewa a kayar da abokin hamayya alhali bai kayar da girman kansa ba.

Inda ake sanin maci tuwo

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ranar 23 ga Yunin 2018 ruwa ya rufe yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su a kogon Tam Luwan da ke arewacin Tailan. Sai ranar 2 ga Yuli masu nutso suka iske su, a raye, cikin natsuwar da ta ba duniya mamaki. Mai horarwar maraya ne da ya yi kusan shekara goma a gidan zuhudu, kuma ya koya wa yaran zaman natsuwa, su bi numfashinsu, su kwantar da tsoro, su adana ƙarfi. Abin da ya koya yana samanera ya zama guzuri a cikin duhu. Bayan an ceto su, 11 daga cikin yaran suka shiga zuhudu na kwana tara domin sadaukar da lada ga mai nutson da ya rasa ransa wajen ceton, Saman Kunan. Ɗayan, da yake Kirista ne, bai shiga ba.

Amma akwai ɗaya fuskar, kuma mai karatu Musulmi na da haƙƙin ya tambaya. Yaran Miyanma da Siri Lanka na tashi da karatun metta, fatan alheri ga dukkan mai rai ba tare da ware kowa ba. To yaya aka yi wasu masu mayafin zuhudu suka zama masu hura wutar ƙiyayya? A Maris na 2013 an kashe mutane sama da 40 a Meiktila ta Miyanma, ciki har da ɗalibai da malaman wata makarantar Islamiyya. Daga Agustan 2017 farmakin sojojin ƙasar ya kori 'yan Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangaladesh, bayan shekaru ana wa'azin ƙyamar Musulmi daga irin su bikku Wiratu da ƙungiyar Ma Ba Ta, wadda cikin ayyukanta har da makarantun Lahadi na yara. A Siri Lanka an ga tarzomar Alutgama a 2014 da ta Digana a 2018.

Amsar ita ce abin da ake ba yaro ba nassi ne kaɗai ba. Ana haɗa masa da labarin ko wane ne mu da ko wane ne su. Yaron Sinhala na tashi da labarin Sarki Dutugemunu da ya yaƙi Sarki Elara. A littafin tarihinsu, Mahawansa, an ce sarkin ya yi nadamar yawan kisa, sai wasu masu zuhudu suka rage masa nauyin da cewa yawancin waɗanda aka kashe ba su cika ƙimar mutane ba. A littafin kuma an ce ya girmama gawar Elara, ya gina masa kabari, ya umarci a riƙa mutunta wurin. Wanne ɓangare malami zai jaddada? A nan ne tarbiyya ke yanke hukunci. A Meiktila ɗin nan, cikin tsakiyar tarzoma, wani gidan zuhudu ya buɗe ƙofa ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi. Masu kisan da masu ceton alƙawura biyar ɗaya suka haddace suna yara. Bambancin shi ne wasu sun fahimci cewa hanin kisa bai tambayi addinin wanda za a kashe ba.

Akwai kuma yaran da talauci ne ya kai su. A Miyanma, Tailan, Lawos da tsaunukan Himalaya, gidan zuhudu na ciyar da ɗan talaka ya kuma ba shi ilimi kyauta. Makarantar Paun Do U da aka kafa a Mandale a 1993 na karantar da dubban yara ba tare da kuɗin makaranta ba. Wannan alheri ne babba. Amma yaron da ke nesa da iyaye, ƙarƙashin mutumin da al'umma ke jin nauyin tuhuma, yana buƙatar kariya, kuma an sha samun rahotannin duka da cin zarafi. Dokar da roƙon Suddodana ya haifar ta nemi yardar iyaye. Zamani na neman ƙari: idon iyaye da na hukuma bayan an ba da yardar. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san halin almajiranmu.

Wasiyyar uban Sigala

Cikin darussan da ake yawan koya wa yara a makarantun Lahadi akwai na wani saurayi, Sigala. Buda ya iske shi da sassafe, jiƙe da ruwan wanka, yana sunkuya wa kusurwoyi shida: gabas, kudu, yamma, arewa, ƙasa da sama. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce wasiyyar mahaifinsa ce. Buda bai ce masa ya daina ba, bai kuma yi wa marigayin izgili ba. Ya nuna masa cewa gabas iyaye ne, kudu malamai, yamma iyali, arewa abokai, ƙasa masu yi masa aiki, sama masu zuhudu, kuma girmama kowace kusurwa shi ne sauke haƙƙin waɗannan mutane. Aikin ya tsaya yadda yake, amma ya cika da ma'ana, ma'anar kuma ta koma haƙƙin mutane.

A ganina wannan shi ne abin da dogon tarihinsu ke nunawa. Masu son a zubar da ibada da hadda a ba yaro bayani kawai sun manta cewa yaro da jiki yake fara koyo, kuma abin da ya haddace yana ƙarami shi ke jiransa ranar da zai buƙace shi. Masu ganin hadda ta wadatar kuwa sun manta da Potila, sun kuma manta da Meiktila. Gadar da ke tsakani mutum ce: malami ko uwa da ke kusa a daidai lokacin da yaro ke aikin, mai iya faɗin ma'anar da harshen da yaron ke mafarki da shi, kuma wanda halinsa bai ƙaryata bakinsa ba. Manhaja da jarrabawa na iya taimaka masa, amma ba su taɓa maye gurbinsa ba, ko a Kolombo ko a Mandale. Mu da 'ya'yanmu ke karatu da Larabci suna mafarki da Hausa, ba sai mun karɓi aƙidar kowa ba kafin mu ɗauki wannan izina.

A haikalin Siri Lanka, kafin a tashi daga darasi, furannin safe sun riga sun fara yaushi a kan teburin dutse, kuma nan gaba kaɗan wani zai zo ya share su. Yaron da ya ajiye nasa ya karanta kalmomin daidai, bai yi tuntuɓe ba. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai kama hannunsa kafin ya sa takalmi, ya mayar da shi gaban teburin, ya ce masa da Sinhala: dubi furenka, me ka gani?